Yadda muka gano masu sayen kilishi uku a cikin waya ɗaya

Shagon kilishi ne a Damagaram, kusa da kasuwar Dole, yana da shafi a Facebook da lambar WhatsApp. Ga yadda tallansa yake kafin mu sa hannu: a ɗauki hoton fallen kilishi, a rubuta "kilishi mai daɗi, farashi mai sauƙi", a danna maɓallin nan na yaɗa rubutu da kuɗi, a zaɓi Nijar baki ɗaya, maza da mata, shekara 18 zuwa 65. Kuɗi su tafi, saƙonni su shigo rututu, yawancinsu kalma biyu ce: "Nawa ne?" A faɗi kuɗi, sai shiru. Mai shagon har ya yanke cewa intanet ba ta sayar da nama. Amma kayen cinikinsa ya nuna akwai waɗanda suka saya ta waya, wasu ma sau uku, sau huɗu. Ashe tana sayarwa, tallan ne ba da waɗannan mutane yake magana ba.

Abin da masu harkar talla ke kira fersona, ni siffar mai saye nake ce masa. Mutum ɗaya ne za ka zana a takarda, ya tsaya a madadin wani rukuni na kiliyoyinka masu buƙata ɗaya da tsoro ɗaya. Na ga mutane da yawa suna zana shi daga kansu: shekara talatin, yana son ƙwallo, yana da moto. Irin wannan takarda ba ta canza komai a cikin talla, don haka ɓata tawada ce. Siffar da ke aiki daga bakin masu saye ake tsamo ta, kuma a wurinmu bakin nasu yana cikin wayar shago.

Mun fara da neman izinin mai shagon, muka kuma yi sharaɗin ba za a kwafi suna ko lambar kowa ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai lura da ita, amma ko babu doka, hirar ciniki amana ce. Kayan aikin kaɗan ne: wayar shago, kayen ciniki, bik, da farar takarda da muka yayyanka gida huɗu-huɗu har muka samu yanki 200. Kowace hira ta samu yanki ɗaya.

Mun ɗauki hirarrakin wata uku na baya-bayan nan. A kan kowane yanki abu shida muke rubutawa: garin da mutumin yake in ya faɗa, tambayarsa ta farko da kalmominsa yadda ya furta su, ko rubutu ya yi ko murya ya turo da kuma yaren da ya yi, ƙarfe nawa ne, ya saya ko bai saya ba da yawan abin da ya ɗauka, sai inda maganar ta mutu in ta mutu. Na ƙarshen nan shi ne mafi daraja, shi kuma ake yawan tsallakewa. Wani ya ɓace da jin farashi. Wani ya yarda da farashi, sai da aka ce ya turo kuɗi tukuna ya ɓace. Waɗannan mutum biyu ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, kuma magani ɗaya ba zai yi musu ba.

Saƙonnin murya su suka ci mana lokaci. Dole a saurari kowanne har ƙarshe, domin gaisuwa ke zuwa farko, lafiyar gida da gajiya da zafi, ainihin tambayar kuma tana can ƙarshe-ƙarshe. Dare uku muka yi a kai. Kada a ba yaro wannan aiki ya taƙaita maka. In mace ta ce "wanda ba ya jiƙa leda da mai nake so", yaron zai rubuta "tana son mai kyau", ka ga an zubar da abin da ake nema. Kalmar da ta faɗa ita za ta koma cikin talla.

Bayan takardu sai kira. Mun kira mutum goma sha biyu cikin waɗanda suka saya fiye da sau ɗaya, da biyar cikin waɗanda suka kai bakin biya suka janye. Matan aure ƙanwar mai shagon ce ta kira su, bayan la'asar, lokacin da aikin rana ya lafa kuma girkin dare bai kankama ba. Tambayar "me kike so mu gyara?" ba ta haifar da komai, amsarta kullum "wallahi babu komai, Allah ya ƙara kasuwa". Kunya ba za ta bar mutum ya kushe maka kaya a kunnenka ba. Abin da ya yi aiki shi ne tambayar abin da ya riga ya faru. Ga yadda ɗaya ta gudana bayan gaisuwa:

"Hajiya, ranar da kika fara saye a wurinmu, wa kika saya wa?"

"Ai ba ni ke ci ba, ƴar nan. Ƙullawa nake ƙanana-ƙanana ina sa wa a status, matan unguwa su saya."

"Da a wurin wa kike ɗauka?"

"Wani ne, amma yau ya kawo mai kyau, gobe ya kawo mai gishiri kamar Bilma. Ni ce ke shan kunya."

Cikin jimla biyu ta faɗi sana'arta, ta faɗi abin da ya kore ta daga wancan, ta faɗi abin da zai kore ta daga nan. Kowane kira minti biyar zuwa bakwai ne, ana gamawa a rubuta abin da aka ji nan take, kafin a buga na gaba.

Daren na huɗu muka shimfiɗa tabarma muka baje yankunan. Da farko gari-gari muka kasa su: Damagaram, Yamai, Maraɗi, Agadas. Bai yi ba, domin a tulin Damagaram kaɗai akwai mai neman rabin kilo da gaggawa da mai neman kilo biyar da ragi. Muka gwada maza daban mata daban, shi ma bai raba komai ba. Sai da muka kasa su bisa tambayar farko da wurin da magana ke mutuwa, sannan tuli ya fara kama da mutum. Tuli huɗu suka fito, da ƴan tsiraru da ba su shiga ko'ina ba, muka ajiye su gefe ba mu tilasta musu gida ba.

Na farko muka kira shi Mai tsaraba. Yana cikin Damagaram a ranar da ya yi magana, amma gobe da asuba zai hau kar. Ma'aikaci ne da ya zo aiki, ko ɗalibin jami'ar André Salifou mai tafiya hutu, ko baƙon biki. Rubutu yake yi, sau da yawa Faransanci gauraye da Hausa, tsakanin la'asar da isha. Ba ya ja-in-ja a kan kuɗi. Tambayoyinsa biyu ne: "Za a iya kawo min yau?" da "Ba zai ɓata min kaya ba?" In an yi minti talatin ba a amsa masa ba, ya riga ya tsayar da ɗan kabu-kabu ya tafi wani wuri.

Na biyu Ɗan gida na nesa. Ɗan Damagaram ne da aiki ya kai Yamai, Agadas ko Arlit, ko matarsa. Ya san kilishi, yana rarrabe ja da fari da rumuzu, yana tambayar ko na saniya ne da kuma yaushe aka gasa. Farashi bai dame shi ba, shi ne mai ɓacewa a daidai "turo kuɗi". Tsoronsa a fili yake: kilomita wajen 900 ke tsakanin Yamai da Damagaram, bai taɓa ganin shagon ba, kuma ya san wanda ya tura kuɗi ga wani shafi aka rufe masa lamba. Cinikinsa ya fi yawa a ƙarshen wata da kwanakin farko na sabon wata, lokacin albashi.

Ta uku Hajiya mai sari, wadda muka ji muryarta a sama. Murya take turowa, da Hausa zalla, bayan isha. A kilo take saye, tana lissafi da dala da jika, tana son ragi, amma abin da ya fi ragi a wurinta shi ne ɗanɗano kada ya canza. Akwai tsoro na biyu da ba ta faɗa sai an saba: kada shago ya kwashe mata kiliyoyi. Shi ya sa take roƙon hoto marar lambar shago a jiki, wanda za ta ɗora a nata status ɗin. A yawan kai ita ce mafi ƙanƙantar tuli. Da muka koma kayen ciniki muka haɗa kuɗi, ita ce ta fi kowa ajiye riba a wata, saboda tana dawowa ba tare da an sake biyan talla a kanta ba.

Tuli na huɗu ya fi sauran ukun a haɗe tsayi, su ne masu "Nawa ne?" Ba su faɗi gari ba, ba su faɗi yawa ba, ba su dawo ba. Wasu lambobinsu da +234 suka fara, wato daga Najeriya, sun ga rubutun an yaɗa, sun ɗauka farashin naira ne. Su ma mun yi musu takarda, domin sanin wanda ba ka so ka biya kuɗi a kansa rabin aikin ne. Na'urar talla tana neman wanda zai yi abin da ka ce a yi da mafi arhar kuɗi. In ka ce saƙo kake so, kuma tallanka bai tace kowa ba, masu saurin danna maɓalli za ta kawo maka, ta kuma ci gaba da neman irinsu.

Kowace siffa mun rubuta ta a rabin shafi, ba fiye ba: laƙabi, abin da ya sa yake saye yau, jimlarsa ta farko da kalmominsa, tsoronsa, lokacin da yake magana, yadda yake biya, yadda kaya ke isa gare shi. Muka manna su a bango saitin inda wayar ke caji. Ma'aunin da muka bi wajen rubutu ɗaya ne: duk layin da ba zai canza hoto, kalma, wuri, lokaci ko amsa ba, a soke shi. Da haka shekaru da matakin karatu suka fita daga takardun gaba ɗaya.

Sai tallan kansa. A nan nake ganin mutane suna sa rai inda bai kamata ba, suna tsammanin akwai akwatin da za su danna a kawo musu "mata masu sari a Damagaram". Babu shi. Zaɓin abubuwan sha'awa da ke cikin Ads Manager, wato wurin tsara talla na Facebook, bai san sana'ar cikin gida ba, kuma tun Janairun 2022 Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, ta cire zaɓin da ya shafi addini, ƙabila da lafiya. Abin da ya rage maka mai ƙarfi shi ne wuri, lokaci, da daƙiƙa uku na farkon bidiyonka. Tallan ne da kansa zai kira mai shi, ya bar wanda ba nasa ba ya wuce.

Na Mai tsaraba hoto ɗaya ne: ƙullin kilishi cikin takarda, an sa a leda mai kauri an like bakinta, an ɗora a kan farar shadda cikin buɗaɗɗiyar jaka. Farar shaddar ita ce amsar tambayarsa ta biyu. Rubutun gajere, Hausa a sama Faransanci a ƙasa: "Gobe za ka bar Damagaram? Tsarabarka za ta same ka a masauki kafin isha." Muka sa nauyi da farashi a fili, giram 250, giram 500, kilo ɗaya, kowanne da kalmar sefa a gabansa. Rubuta farashi yana rage yawan saƙonni, kuma abin da muke so ke nan.

Na Ɗan gida na nesa bidiyo ne na daƙiƙa ashirin da biyar, a tsaye aka ɗauka yadda zai cika fuskar waya. Bai fara da nama ba. Ya fara da ƙofar shagon da titin gabanta, yadda ɗan gari zai gane wurin, sai fuskar mai shagon yana sallama. Daga nan sikeli, allura ta tsaya a kilo, a naɗe, a rubuta a jikin kwali, a miƙa a wurin aika saƙo na tasha, a nuna resi a hannu da yatsa a kan sunan mai karɓa don kada ya fito. Gani ya kori ji. Mun sa rubutu a ƙasan bidiyon, saboda da yawa a ofis suke kallo da murya a kashe. Jimlar ƙarshe ita ce alkawarin da takardarsa ta nema: hoton resi zai iso wayarka kafin mota ta tashi.

Na Hajiya mai sari murya ce ta ɗauki nauyinsa. Ƙanwar mai shagon ta yi magana kamar yadda za ta yi da maƙwabciya, hoton kuwa hannu ne yana kasa kilo ɗaya ƙulli-ƙulli a kan faranti, mai kallo tana iya ƙirgawa da idonta ta fitar da ribarta. Aka ce sari daga kilo uku yake farawa, mai haɗa labu mutum ɗaya ne kullum, kuma za a ba ta hotuna marasa lamba. Farashi da dala aka faɗe shi a baki, da sefa aka rubuta shi a fuska, domin dala ɗari a baki ita ce 500 a rubuce, in ba a haɗa su ba sai an samu mai ruɗewa. A kula da abu ɗaya wajen zaɓen kalma: dokar tallan Meta ta hana jimlar da ke nuna ka san halin mai kallo na kansa, irin addini, ƙabila ko talauci. "Ba ki da aikin yi?" na iya sa a ƙi tallan. "Ga sari ga masu sayarwa daga gida" ya wuce lafiya, ya kuma fi mutunci.

Wajen saiti, mun bar maɓallin yaɗa rubutu muka shiga Ads Manager. Tsarinsa hawa uku ne: kamfen inda ake zaɓar manufa, rukunin talla inda ake sa wuri, kuɗi da lokaci, sai tallan kansa. Manufarmu saƙo zuwa WhatsApp, don haka sai da aka haɗa lambar WhatsApp Business da shafin tukuna. Asusun da yuro muka buɗe shi, saboda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, lissafinka ba zai motsa ba daga wata zuwa wata. A duba nau'in kuɗin asusu da agogonsa tun ranar farko, canza su daga baya yana iya jawo buɗe sabon asusu.

Kowace siffa rukuninta daban. Ga Mai tsaraba mun dasa alama a tsakiyar gari muka ja da'irar kilomita 10. Tun 2023 zaɓin wuri ya haɗa mazauna da waɗanda suka kasance a wurin kwanan nan, wannan kuwa ya dace da baƙo. Ga Ɗan gida na nesa muka sa Yamai, Agadas da Arlit, garuruwan da mota ke zuwa kai tsaye ko da canji ɗaya. Mai shagon ya so a ƙara Faransa saboda ƴan uwa da ke can, muka hana, domin ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin a shigar da nama daga waje a jakar matafiyi ko a ƙunshin saƙo, ka ga kuɗi ne za a biya a kan cinikin da ba zai yiwu ba. Ga Hajiya mai sari muka ɗauki Damagaram da Mirya, mata kaɗai. Akwatin yare mun bar shi fayau. Mutanenmu Hausa suke ji amma wayoyinsu da Faransanci suke, in ka zaɓi Hausa ka rufe wa mafi yawansu ƙofa. 

In kana son talla ya fito a wasu awowi kaɗai, sai ka zaɓi kasafin jimla na dukan kwanakin. Haka muka yi wa Mai tsaraba, daga azahar zuwa ƙarfe takwas na dare, saboda bayan nan babu mai kai kaya.

Kuskurenmu na farko a kuɗi ne. Muna da yuro 3 a rana, kusan jika biyu, muka raba wa rukuni uku lokaci ɗaya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Kowane rukuni yana da lokacin koyo, kuma na'urar tana buƙatar sakamako wajen 50 cikin kwana bakwai kafin ta daidaita. Da yuro ɗaya-ɗaya babu wanda ya kusanci haka. Muka koma ɗaya bayan ɗaya, kowanne mako guda da cikakken kuɗin, aka jera su bisa kalandar takardunsu: Ɗan gida na nesa a makon albashi, Hajiya mai sari a tsakiyar wata, Mai tsaraba a lokacin hutun makarantu da bukukuwa. Kuskure na biyu taɓe-taɓe ne. Duk babban gyara, canza hoto ko wuri ko tsalle a kasafi, yana mayar da koyo farko. In ka kunna, ka ɗaure hannunka kwana huɗu aƙalla.

Akwai ƙaramin saiti da ya fi ƙarfin girmansa: saƙon da ke fitowa a rubuce idan mutum ya danna tallan. Kowane talla mun ba shi nasa. Na tsaraba "Ina son tsaraba yau", na nesa "Ina son a aiko min", na sari "Ina son farashin sari". Da saƙo ya shigo, mai riƙe da waya ya san takardar da zai kalla a bango, ya kuma liƙa wa hirar alama mai launi a WhatsApp Business. Ba tare da wannan ba, a ƙarshen mako ba za ka san wane talla ya kawo wane ciniki ba.

Amsa ma sai da aka gyara ta, domin talla ƙofa kawai yake buɗewa. A makon farko yaron shago yana amsa wa kowa da jeren farashi iri ɗaya, har da Hajiyar da ta turo murya ta minti ɗaya da gaisuwa. Ba ta sake magana ba. Muka tsara: murya a amsa da murya, a fara da "Hajiya, barka da dare, ya gida ya yara", sannan ciniki. Mai tsaraba a tambaye shi unguwa da ƙarfe nawa motarsa, cikin minti biyar. Ɗan gida na nesa, kafin a ambaci kuɗi, a tura masa hoton kilishin ranar a kan sikeli, a gaya masa motar da za ta ɗauka da ranar isa, a ba shi zaɓin biya ta kamfanonin aika kuɗi Nita da Amana ko ta kuɗin waya, a kuma ba shi shawarar ya fara da rabin kilo. Wannan shawara ta rage cinikin farko, ta ƙara na biyu. Amsoshin rubutu muka adana su a gajerun amsoshi na manhajar, a danna alamar / su fito.

Wajen karanta sakamako, allon talla zai nuna maka kuɗin kowane saƙo, amma bai san wanda ya biya ba. Wannan kaye ne ya sani. Ɗauki misali mai sauƙin lissafi. Talla biyu, kowanne ya ci jika 14. Na farko ya kawo saƙo 70, mutum 4 suka saya: saƙo ya tashi sefa 200, mai saye ya tashi 3,500. Na biyu ya kawo saƙo 28, mutum 10 suka saya: saƙo ya tashi 500, mai saye 1,400. Wanda ke kallon allo kaɗai zai kashe na biyun ya ƙara wa na farko kuɗi. Irin wannan muka gani tsakanin tsohon tallan "farashi mai sauƙi" da bidiyon resi: saƙonni suka ragu, tsadarsu ta ƙaru, ƙunshin da ake kaiwa tasha ya yawaita. Duk daren Alhamis, bayan an tashi daga babbar kasuwa, muke zama mu jera abu huɗu ga kowace siffa: kuɗin da aka kashe, saƙonni, masu saye, ribar da suka bari. Ga Hajiya mai sari a jira wata biyu kafin a yanke hukunci, ribarta a dawowa take.

A riƙa leƙa adadin maimaici kuma, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. Da'irar kilomita 10 a Damagaram ba ta da faɗin jama'a kamar Yamai, cikin kwanaki kaɗan mutane ɗaya ake ta nuna wa. Mu in ya haura uku kuma saƙonni sun fara ja baya, hoto muke canzawa, alkawarin da ke ciki mu bar shi yadda yake.

Siffa ɗaya ta ba mu kunya, kuma laifin rubutunmu ne. A takardar Mai tsaraba mun rubuta namiji, muka takaita tallan ga maza. Da muka sake duba yankunan, sai ga mata da dama a tulin, masu zuwa biki ko suna daga Maraɗi da Tawa, laƙabin da muka sa ne ya rufe mana ido. Muka buɗe wa kowa, muka sake hoton da jakar hannu ta mata. Wata matsalar ta kai kaya ce: an samu ƙunshi ya kwana biyu a wani kamfanin sufuri, mai shi ya ɗauka an cuce shi. Tun daga nan ake gaya wa Ɗan gida na nesa ranar isa da ƙarin kwana ɗaya, a kuma kira shi ranar da ya kamata ya karɓa.

Takardun bango suna tsufa da yanayi. Da damina shanya nama tana wuya, abin da ake gasawa ya ragu, sai mu dakatar da tallan sari don kada a yi wa Hajiya alkawarin da ba a iya cikawa. Da azumi lokutan magana gaba ɗaya suna komawa bayan tarawihi. Bayan layya kowane gida da soyayyen namansa, makonni ake yi ba a neman kilishi, kuɗin talla a ajiye su. Duk wata uku muke sake yanka takarda 50 daga sababbin hirarraki mu baje a tabarma. A zama na baya, ƴan tsirarun da muka ajiye gefe sun ƙaru sun zama ƙaramin tuli: masu tambayar kilishi marar yaji sosai, a yanka ƙanana, don yara masu tafiya makarantar kwana. Sun kai goma sha ɗaya. Mun kira huɗu daga ciki, sauran sai mako mai zuwa.